Kafin Ka Sayi Na'urar Hangen Nesa Mai Madubi, Fara Duba Abin da Za Ta Zauna a Kai

Daren da na fara saita na'urar hangen nesa a kan duniyar Zuhal, wato Satun mai zobe, ban ga zobe ba. Abin da na gani wani ɗigon haske ne yana ta rawa kamar an rataya fitila a wuyan ɗan akuya. Na kai hannu zan gyara, sai ya ƙara tsalle. Na janye hannu ina jira ya natsu, kafin ya natsu ya sulale ya fice. Haka na raba dare ina farautarsa. Da gari ya waye na yanke hukunci cewa madubin ne ba shi da kyau, an cuce ni kawai. Sai bayan watanni, da muka cire bututun muka ɗora shi a kan wani akwatin katako da kafinta ya haɗa mana, na ga zoben nan tar, a tsaye cak. Ashe madubin lafiyarsa ƙalau. Siraran ƙafafun da aka haɗo shi da su ne suka kasa riƙe shi.

Mai karatu, idan kana shirin sayen teleskof mai madubi, ko ka riga ka saya tana ƙarƙashin gado saboda ta ba ka haushi, wannan bayani naka ne. Masu talla girman madubi suke nuna maka da yawan ninkin da na'urar ke yi. Abin da ba su cika magana a kai ba shi ne mazauni, wato ƙafafu da kan ƙarfe ko katakon da bututun ke zaune a kai yana juyawa. Alhali shi ne zai raba gardama tsakanin ka ga abu da ka sha wahalar banza. Komai kyan tukunya, in duwatsun murhu ba su zauna ba, miya a ƙasa za ta ƙare.

Aiki biyu da mazauni ke yi

Aikin farko shi ne riƙe bututu kada ya yi rawa. Teleskof ba ta zaɓen abin da za ta ninka. In ta ƙara girman wata sau 100, to girgizar hannunka ma sau 100 za ta ninka ta, haka ta iska, haka ta takun wanda ya wuce kusa da kai. Ga misali da lissafi. Ɗauki bututu mai tsawon mita 1. Idan bakinsa ya gusa da kashi 1 cikin 10 na milimita, wato kusan kaurin takardar rubutu, inda yake kallo a sama ya gusa da kusan faɗin ƙwallon Zuhal gaba ɗaya kamar yadda muke ganinsa daga nan. Ka ga ke nan rawar da idonka ba zai ma lura da ita a jikin bututu ba ta isa ta shafe duk abin da ka fito kallo.

Aiki na biyu shi ne bin abin da kake kallo. Duniyarmu tana kammala juyi ɗaya a cikin awa 23 da minti 56, shi ya sa sama ke tafiya daga gabas zuwa yamma da digiri 15 a kowace awa. Faɗin cikakken wata kusan rabin digiri ne, don haka cikin minti 2 sama ta matsa da faɗin wata guda. Da ido ba ka jin wannan tafiya. Amma in ka sa maleƙi, wato ɗan gilashin da ake ɗora ido a kai, irin na gama-gari mai ninki 100, filin da kake gani duka-duka kusan rabin digiri ne. Duniyar Mushtari, wato Jufita, za ta shigo ta wannan gefe ta fita ta wancan cikin minti 2. A ninki 200 kuwa minti 1 ne. Saboda haka dole ka riƙa matsar da bututun kaɗan-kaɗan duk tsawon kallo, kuma mazaunin kirki shi ne wanda zai bar ka ka yi hakan ba tare da fizga ko tsalle ba.

Me ya sa mai madubi ta fi wahalar ɗauka?

A shekarar 1668 Isaac Newton ya ƙera teleskof ɗinsa mai madubi a Ingila, kuma har yau tsarinsa yana cikin waɗanda aka fi sayar wa masu sha'awar kallon sama. Babban madubi mai lotsawa yana can ƙasan bututu yana tattara haske, ƙaramin madubi a kusa da baki yana karkato hasken zuwa gefe, maleƙi kuma yana jikin bututun ta sama. Farin jininta shi ne araha: da kuɗi kaɗan za ka sami madubi mai faɗi. Madubi mai faɗin milimita 200 yana tattara hasken da ya ninka na ƙwayar idonka fiye da sau 800.

Sai dai wannan tsari yana ɗora wa mazauni kaya iri uku. Bututun dogo ne, kuma dogon abu ya fi gajere saurin lilo ko da nauyinsu ɗaya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar azara ko dogon rodi a kafaɗa ya san haka. Bututun kuma mai kauri ne, yana tare iska kamar faifan kwano, balle lokacin hunturu. Na uku, tunda maleƙi a gefe yake, duk yadda bututun ya mirgina haka wurin sa ido zai mirgina. Riƙe waɗannan uku a ranka, za su dawo a gaba.

A jikin kowace na'ura za ka ga lambobi biyu kamar 150/750. Ta farko faɗin madubi ne, ta biyu nisan da haske ke tafiya kafin ya haɗu wuri guda, duka a milimita. Lamba ta biyun tana gaya maka kusan tsawon bututun. Ita kuma ake rabawa da lambar da ke jikin maleƙi a sami ninki: 750 a raba da 10 ya ba da 75.

Iri na farko: sama da ƙasa, hagu da dama

Mazauni mafi sauƙi shi ne wanda masana ke kira altazimut. Yana da majuyi biyu. Ɗaya yana ɗaga bututu sama ko ya sauke shi, ɗayan yana juya shi hagu ko dama, kamar dai yadda kake yi da kanka in kana bin tsuntsu da kallo. Ba ya bukatar wani saiti. Ka ajiye, ka nuna, ka leƙa.

Ga teleskof mai madubi, sarkin wannan iri shi ne mazaunin Dobson. An sa masa sunan John Dobson, wanda aka haifa a 1915 ya rasu a 2014. Mutumin ya yi shekaru yana ƙera manyan na'urori daga tarkace: gilashin tagar jirgin ruwa, bututun kwali da magina ke zuba kankare a ciki, da ragowar katako. Daga ƙarshen shekarun 1960 ya riƙa fito da su bakin titi a birnin San Francisco na Amurka yana nuna wa masu wucewa wata da duniyoyi kyauta. Dabararsa ita ce a yar da dogayen ƙafafu baki ɗaya. A yi akwatin katako a ƙasa, yana juyawa a kan faifai, bututu kuma ya zauna a cikin akwatin a kan wasu da'irori biyu da ke gefensa. Inda katako ke gogar katako ana sa ƙananan ɓallayen Teflon su zame a kan fomeka. Wannan haɗi yana da wani hali mai daɗi: in ka tura yana tafiya sumul, in ka saki ya tsaya nan take.

Tunda nauyin yana can ƙasa kusa da doron ƙasa, rawa ba ta samun wuri. Maleƙi kullum yana gefe ɗaya, ba ya mirginawa. Kuma tunda katako ba shi da tsada, kusan duk kuɗinka a madubi suke tafiya. Dobson mai milimita 200 da tsawon 1200 kashi biyu ake ɗaukarsa, bututu daban akwati daban, kowanne kilo goma da 'yan kai.

Yana da nasa aibin. Da hannu za ka riƙa bin tauraro, ta fuska biyu a lokaci guda. Wannan hannu yana sabawa cikin 'yan darare, amma in jama'a sun yi layi suna jiran leƙe, sai ka riƙa sake saitawa bayan kowane mutum ɗaya ko biyu. Sannan bai dace da ɗaukar hoton da ake barin kyamara a buɗe na tsawon mintoci ba. Ko da an sa masa inji yana bin tauraro daidai, hoton da ke cikin fili yana juyawa a hankali kamar hannun agogo, taurarin gefe su zama 'yan lanƙwasassun layuka. Hoton wata da wayar hannu kam ba matsala, domin cikin ƙiftawar ido ake ɗaukarsa.

Iri na biyu: mai bin juyin duniya

Ɗaya irin shi ne mazaunin ikwatoriyal. Shi ma majuyi biyu gare shi, amma an kishingiɗar da ɗaya ya yi daidai da layin da duniya ke juyawa a kai, wato yana nuna ƙuryar arewacin sama, kusa da Tauraron Arewa. In an yi wannan saiti, murɗa mariƙi guda ɗaya ya isa a bi kowane tauraro daga fitowarsa har faɗuwarsa. In aka sa ƙaramin inji da ke juya majuyin sau ɗaya a awa 23 da minti 56, tauraron zai tsaya cak a tsakiyar fili, kuma hoton ba ya juyawa. Shi ya sa masu ɗaukar hoton taurari masu dishi-dishi ba su da abin da ya fi shi.

Samfurin da za ka fi gani a kasuwa shi ne wanda ake kira na Jamus. Asalinsa daga Joseph von Fraunhofer ne, wanda a 1824 ya kammala wata babbar teleskof da aka kafa a Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a Estoniya, da injin agogo mai juya ta. Za ka gane shi da sandar ƙarfe mai ɗauke da dunƙulen ƙarfe mai nauyi. Bututu yana gefe ɗaya, dunƙulen yana ɗaya gefen, kamar sikelin mai awo.

A takarda wannan ya fi burgewa, kuma shi ya sa sabon shiga ke ruɗuwa da shi: ga giya, ga lambobi, ga ƙarfe yana ƙyalli. Amma ka tuna da kaya ukun nan. Mazaunin Jamus yana riƙe dogon bututu ne ta tsakiya, a gefen majuyi, a saman dogayen ƙafafu, yanayin da ya fi kowanne jawo lilo. Kafin ya riƙe bututu mai madubi da kyau dole ya zama ƙato, ƙato kuwa tsada da nauyi. In ka haɗa bututun milimita 200 da kan mazaunin da ya dace da shi, da ƙafafu, da dunƙulayen ƙarfe, kaya sun haura kilo 30. Ga kuma batun maleƙi. Kana kallon gabas yana daidai idonka, ka juya yamma sai ka tarar ya koma ƙarƙashin bututu ko can sama inda sai ka taka kujera. Dole ka sassauta zobban da suka riƙe bututun ka mirgina shi, a cikin duhu, ba tare da ya zame ba.

Kada ka ɗauka altazimut na talaka ne, ikwatoriyal na masana. Teleskof ɗin Hale mai madubin mita 5 da aka buɗe a dutsen Palomar na Amurka a 1948 ikwatoriyal ce. Amma tun da aka gina BTA-6 mai mita 6 a tsaunukan Kokeshiya a tsakiyar shekarun 1970, kusan duk manyan na'urorin duniya a kan altazimut suke, kwamfuta tana lissafa musu bibiya. Dalilin dai shi ne wanda ya shafe ka: ya fi sauƙin ɗaukar nauyi.

Abin da littafin Turai ba zai gaya maka ba

Yawancin shawarwarin da za ka karanta a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta wa junansu. Mu kuwa kusa da layin ikweta muke, kuma wannan yana canza lissafi.

Kusurwar da ake kishingiɗar da majuyin ikwatoriyal daidai take da nisan garinka daga ikweta. A Landan digiri 51 da rabi ne. A Kano 12 ne, a Sakkwato 13, a Damagaram kusan 14, a Abuja 9, a Kumasi bai kai 7 ba. Wato a wurinmu majuyin kusan kwance yake. Matsaloli biyu ke biyo baya. Wasu mazaunan ba a ƙera su su kwanta haka ba. Akwai waɗanda daga digiri 15 ma'auninsu ke farawa. Wasu kuma suna kwantawa, amma sai dunƙulen ƙarfen ya riƙa dukan ƙafar da ke fuskantar arewa. Ana magance wannan da ƙarin wuya da ke ɗaga kan mazauni sama da ƙafafu, ko a kafa ginshiƙin kankare ko na ƙarfe a tsakar gida a ɗaure kan a kai. Wasu suna juya kan ta yadda dunƙulen zai faɗa tsakanin ƙafafu biyu, amma hakan na sa kayan saurin kifewa, sai an rataya nauyi a tsakiya. Don haka kafin ka biya kuɗin ikwatoriyal, nemi layin da ya faɗi iyakar latitud ɗinsa a takardar bayani, ka tabbatar garinka ya shiga ciki.

Tauraron Arewa ma haka. Tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da latitud ɗinka. Miƙe hannu ka dunƙule: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. A Kano ke nan tauraron ya ɗan ɗara dunƙule guda daga ƙasa. Katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ta isa ta ɓoye shi, in hazo ya sauka kuma sai ka yi makonni ba ka gan shi ba. In kallo kawai za ka yi, saita kusurwa da lambar garinka ka fuskanci arewa da kamfas ya wadatar. In hoto ne, sai ka koyi saiti ta hanyar lura da yadda tauraro ke zamewa a fili, ko ka yi amfani da manhajar da ke yin saitin ba tare da ganin Tauraron Arewa ba.

Dobson ma bai tsira ba. Wurin da ya fi ba shi wahala shi ne tsakiyar sama, daidai saman kanka. In bututu ya miƙe tsaye, tura shi hagu ko dama ba ya kai shi ko'ina, sai dai ya yi ta juyi a wuri ɗaya. A Turai wata da duniyoyi ba sa hawa can sosai, amma a wurinmu sukan bi ta saman kai. Maganin ba wuya: ka kalle su kafin su kai can, ko ka ba su rabin awa su gangara. A gefe guda kuma wannan riba ce, domin abin da ke can sama hasken sa bai ratso iska da ƙura mai yawa ba, hotonsa ya fi fita.

Akwai wani faifai mai inji da ake sa wa a ƙarƙashin Dobson ya riƙa bin taurari na kusan awa guda, dabarar da Bafaranshe Adrien Poncet ya fito da ita a 1977. Abu ne mai kyau, amma kowanne don latitud guda ake ƙera shi. Wanda aka yi wa Ingila ba zai yi aiki a Zariya ba.

Lissafin nauyi

Kowane mazauni yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa. Ga kimanin yadda abin yake a samfuran da suka fi yawo: EQ3 kusan kilo 5, EQ5 kusan 9, HEQ5 ya ɗan haura 10, EQ6-R kuma 20. Bututun 150/750 yana kai kilo 5 zuwa 6, na 200/1000 kusan 9. Ba a sa dunƙulayen ƙarfe a wannan lissafi, amma ana sa komai da ke jikin bututu: zobba, maleƙi, ƙaramar na'urar saiti, kyamara.

Kada ka cika mazauni har baki. Jaki yana iya ɗaukar buhu uku, amma ba zai yi tafiya mai kyau da su ba. Don kallo da ido, bar masa sarari. Don hoto, abin da masu harkar suka saba bi shi ne kada kaya su wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta. Kuma ka tuna tsawo: bututun 114/900 bai da nauyi, amma ya fi gajere mai nauyinsa rawa nesa ba kusa ba. Irin waɗannan dogayen bututu a kan 'yan ƙananan mazaunan ikwatoriyal masu siraran ƙafafu su ne suka fi kashe wa sabbin shiga gwiwa. Araha ba ta ado.

Mai kwamfuta fa?

Akwai mazaunan da ake kira GoTo, a altazimut da ikwatoriyal duka. Ka ba shi kwanan wata, lokaci da wurin da kake, ka nuna masa taurari biyu ko uku masu haske, daga nan duk abin da ka zaɓa zai juya ya kai ka. A cikin gari inda hasken fitilu ya cinye ƙananan taurari, wannan taimako ne babba. Amma ka yi tunanin abu uku. Yawancinsu wutar bolt 12 suke ci, don haka batir ya shiga cikin kasafi, kuma in batir ya yi sanyi injin yana rikicewa. Wasunsu in babu wuta ba sa motsuwa da hannu yadda ya kamata. Sannan in allon lantarkinsa ya ƙone, kayan gyara daga waje za a yi odarsu. Ga wanda kuɗinsa a ƙirge suke, abin da za a kashe a kan kwamfuta daga faɗin madubi ake yanko shi. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana gaya maka tsayi da kusurwar kowane abu a sama a wannan minti, kuma da ita da ma'aunin kusurwa na wayarka za ka iya kai Dobson kusa da abin da kake nema.

To, wanne zan ɗauka?

Amsar tana cikin abin da kake son yi da dare.

In burinka ka ga ramukan wata, zoben Zuhal, watannin Mushtari guda huɗu, Kaza da 'Ya'yanta da sauran tarin taurari da idonka, ɗauki Dobson mai milimita 150 ko 200. Babu wani haɗi da zai ba ka gani mai kyau haka a wannan kuɗi.

In wurin ajiya ya yi maka kaɗan, ko a babur za ka riƙa fita da ita bayan gari, akwai ƙaramin Dobson na kan tebur mai milimita 114 ko 130. Sai dai teburin ya zama mazauninsa ke nan: teburin roba zai dawo maka da rawar da ka gudu. Jera bulo ko ka sa a yi maka gajeriyar kujera mai ƙafa uku.

In makaranta ce ko ƙungiya, inda yara 30 za su yi layi, inji mai bibiya yana da amfani ƙwarai. Dobson mai GoTo, ko bututun 150 a kan EQ5 mai inji, zai rage maka wahala.

In hoton taurari masu nisa ne ya ja ka, to fara sayen mazauni kafin bututu, ikwatoriyal mai inji ajin HEQ5 zuwa sama, kuma ka sa a ranka zai ninka kuɗin bututun. Ka ɗora masa ƙaramin bututu kamar 130/650 ko 150/750 tukuna.

In kuma kana da bututu mai kyau a kan mazauni marar kirki, kada ka yar. Kafintan unguwa zai iya yi maka akwatin Dobson. Abin da za ka kula da shi: da'irorin gefe su zauna daidai inda bututun ke daidaita nauyinsa, tare da maleƙi a jiki, su zama masu faɗi, kuma a yi amfani da katako mai falle-falle mai kauri, ba na garin katako da aka matse ba, domin wannan yana kumbura da damina. A shafe shi da fenti ko banish, a ajiye shi nesa da gara.

Gwaji kafin ka biya

In ka sami damar taɓa kayan, saita su a kan wani abu mai nisa, kamar kan hasumiyar masallaci ko turken waya, da ninki kusan 100. Ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa ka ƙirga. In hoton ya natsu cikin daƙiƙa 2 ko 3, mazaunin ya yi. In ya kai 5 ko 6 yana rawa, ba za ka iya ko daidaita gani da shi ba. Sannan tura bututun kaɗan ka saki. Ya kamata ya tsaya inda ka bar shi, ba ya komo baya ba, ba ya zarce ba. A ikwatoriyal murɗa mariƙin gaba da baya ka ji ko akwai wasa mai yawa kafin giya ta kama.

Wanda ya riga ya saya kuma, akwai 'yan dabaru. Ɗaure duk notin da ya saki. Kada ka zaro ƙafafu har ƙarshe, gajeru sun fi ƙarfi. Rataya jarkar ruwa ko jakar yashi a tsakiyar ƙafafun. Kafa a kan ƙasa maimakon saman bene, domin dakali yana ɗaukar taku, kuma yana fitar da zafin rana har cikin dare, abin da ke sa hoto kaɗawa. Rufe mazauni da zane lokacin hunturu, don ƙura in ta haɗu da giris tana cin giya.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: kada ka taɓa nuna teleskof ga rana ba tare da matacin rana na musamman da ke rufe bakin bututu ba, kuma kada ka bar ta a waje da rana inda yara za su kai hannu. Daƙiƙa guda ta isa ta makantar da ido har abada. Masu neman jinjirin wata da ita su jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Teleskof ɗin da ta fi kowacce amfani ita ce wadda za ka iya fitarwa tsakar gida bayan sallar isha'i ba tare da ka yi ta shawara da kanka ba, ka ajiye, cikin minti 5 kana kallo. Mazauni ne ke yanke wannan. Saboda haka in ka ga talla, kafin ka tambayi girman madubi, sunkuya ka duba ƙafafun.